Ranakun da Ba Ta Shan Magani

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigida da yara. Allah ya ƙara wa ƙafar nan taki sauƙi. Mu ma muna nan. Jaririya ta fara wangale baki tana dariya, ga goshin gidanku sak, ba ta ɗauko komai nawa ba sai rigima.

Yaya, zancen ƙanwarki ne ya sa na ɗauki biro, don ke kaɗai kika san ni da ita muna ɗauke da cutar ƙanjamau. Kin ga irin faman da ta yi ta bar giya da ciki ya shiga, ko ɗigo ba ta kurɓa ba har ta sauka. To, ta koma. Ina fita shagon walda da safe, ita kuma ta wuni a ɗaki daga ita sai jaririya sai rediyo, tagar ma bangon maƙwabta take kallo. In shiru ya ishe ta, sai ta goya yarinya ta gangara bayan shagon mai kitso, inda wasu matan layinmu ke zama da kwalabe.

A can wata mata ta faɗa cikin hira wai haɗa magani da giya yana kashe mutum. Tsoro ya kama ƙanwarki, duk ranar da ta sha sai ta ƙi taɓa maganinta. Ga ta tana shayarwa! Ma'aikaciyar asibiti ta ce giyar illa ce ga mai jego, amma tsallake maganin ya fi haɗari, don cutar na iya farfaɗowa ta bi nono. Gwajin yarinya na farko ya fito lafiya lau. Saura na gaba, kuma tunaninsa ke hana ni cin abinci.

Na yi faɗa, kin san bakina. Da na gaji na tsagaita, sai ta ce ita ba ɗanɗanon take bi ba, a can ne kawai ake ja mata kujera a tambaye ta yadda ta kwana. Ni ɗin ma wa zan gaya wa? Abokan aiki suna ta tsokana wai angon ƙarni ya rame, in yi dariya in sauke gilashin walda a fuska.

Ki taimaka ki zo, ko na ɗan lokaci ne. Ba wa'azi za ki yi mata ba, ni na riga na ɓata wannan hanyar. Ta dai samu mai yi mata magana da rana. Ba ta san na rubuto ba. In kin zo, don Allah ki ce kewarta ce ta kawo ki.

Ki gaida Baba da Goggo, da Auta da 'Yan Biyu. Allah ya sada mu da alheri.

Naki,
Baban jaririya