Ɓauren ya yi toho

Gordana,

Ranar da ƙanƙarar farko ta sauka aka tafi da mahaifiyarki asibiti, ba ta dawo ba. Da safiyar ranar na ja tukunyar da ta shuka ɓaurenta a ciki zuwa ɗakin ƙasa, na naɗe ta da tsohon kwat ɗina.

Ɗazu na sauka ɗebo dankali, sai na tarar ɓauren ya yi toho, kore shar.

Ki faɗa wa mijinki. Shi ne tun Kirsimeti yake cewa, "Baba, wannan sandar taka ai ta mutu, a ba ni in gasa tattasai." To, ya sauka ya gaida sandar. Na karanta littattafan gidan nan kaf, ban ga inda zubar da ganye ya zama mutuwa ba.

Duk sanyin nan ban ba shi ruwa ba, sai dunƙulen ƙanƙara jefi-jefi a gindinsa, ya narke a hankali, kamar yadda mahaifiyarki take yi.

Kada tausayi ya sa ku hau da shi kusa da murhu. Ɗumi zai ruɗe shi, sanyin baya ya kashe tohon. A bar shi inda yake.

Zan bi motar safe zuwa maƙabarta. Da ana sa mahaifiyarki a motar asibiti ta tambaye ni, "An shigar da ɓauren?" Suka rufe ƙofa kafin in amsa. Zan je in ce mata an shigar.

Babanki