Tayar da Ta Cire a Mokola da Hannun Maharazu

Daga: Aishatu Humaira Maharazu,
Bayan Layin Masu Faci, Sabo, Ibadan.

Zuwa ga: Alhaji Mu'inuddeen,
Shugaban Kwamitin Ladabtarwa,
Haɗaɗɗiyar Ƙungiyar Makanikai da Masu Faci ta Unguwa.

Litinin, 14 ga Oktoba, 2024.

GAME DA: Dukan da aka yi wa maigidana Malam Maharazu mai faci, da laifin da ake neman ɗora masa

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ni matar Malam Maharazu ce, ɗan ƙungiyarku shekara goma sha tara. Na rubuto ne a madadinsa, saboda dalilin da zai bayyana a ƙasa.

1. Ranar Litinin, 7 ga wata, Alhaji Nasiruddeen, dillalin albasa a kasuwar Bodija, ya kawo a-kori-kurarsa rumfarmu. An riga an ɗaga mata jiki a wani gareji har sai mutum ya yi tsalle kafin ya hau. Ya zo da manyan tayoyi huɗu na tokumbo, wato kwancen ƙasar waje, da rim ɗinsu, ya ce a ɗaura. Maharazu ya ɗaura, aka gwada, sai aka ga in an karya sitiyari zuwa ƙarshe tayar gaba tana gugar ƙarfe. Alhaji ya ce a sa mata faifan ƙarfe a baya don ta fito waje. Maharazu ya ƙi, ya ce bol ɗin motar gajeru ne, in aka sa faifai noti ba zai kama fiye da zagaye uku ba, sai dai a nemo dogayen bol. Alhaji ya ce shi ba lacca ya zo ji ba, lodi na jiransa. Ya ja mota ya tafi.

2. Duk Sabo an san al'adar Maharazu, har tsokanarsa ake yi da "mai kwalliyar noti". In ya gama ɗaure taya sai ya ja farin fenti layi ɗaya daga kan kowane noti zuwa jikin rim, don in noti ya motsa a gani. Haka ya yi wa wannan mota, duka huɗun.

3. Ranar Alhamis, 10 ga wata, da hantsi, motar ta gangaro shataletalen Mokola da buhunan albasa har sama. Tayar gaba ta hagu ta cire, ta bar motar tana jan ƙasa, ta bi titi a guje, ta kaɗe wani mai okada, ta tsallake kwata ta afka wa Iya Kausar mai gasa ayabar boli. Garwashi ya zube mata a cinya, ƙafarta ta karye gida biyu. Har yau tana asibiti.

4. Ba a yi awa ɗaya ba sai ga Alhaji a rumfarmu da 'yan agbero biyar, ƙartin tasha. Ba sallama, ba tambaya. Suka fizgo Maharazu daga ƙarƙashin wata keke-napep da yake wa aiki, ɗaya ya kwaɗa masa sifanar taya a baki, haƙora biyu suka zube. Suka ja shi a kan tsakuwa, suka danne hannunsa na dama a kan rim, Alhaji da kansa ya ɗaga ƙarfen jak ya sauke masa sau uku, yana cewa hannun da bai iya ɗaure noti ba ba shi da amfani. Na fito da tuwon rana a hannu, aka ture ni na faɗa cikin baƙin mai. Ranka ya daɗe, ƙarar ƙashin nan har yanzu tana kunnena. Sai da mutanen masallaci suka fito kafin suka sake shi.

5. Washegari aka rufe rumfarmu da kwaɗon ƙungiya, aka aiko da takarda wai Maharazu ya sa hannu ya amsa cewa sakacinsa ne, in ba haka ba a kore shi daga sana'a a zaman Alhamis, 17 ga wata.

6. To ranar Asabar na je da ƙafata harabar ofishinku inda aka ajiye motar, na durƙusa na duba. Tayoyin baya biyu, layin fentin yana nan daidai. Ta gaba ta dama, fentin noti yana gabas, na rim yana yamma. A bayanta kuma ga faifan ƙarfe, yankan walda, irin wanda Maharazu ya ƙi sawa. Wani ne ya kwance tayoyin gaba bayan Maharazu ya ɗaure. Wane ne, Alhaji Nasiruddeen ya sani.

Don haka ina roƙo cikin ladabi: a hana Alhaji ɗauke motar kafin zama, domin na ji ya aiko a ja ta gobe, a tura dattawan makanikai uku su duba fentin da faifan a gaban kowa, a buɗe mana rumfa, a kuma miƙa batun dukan ga hukuma.

Takardar amsa laifin na haɗo ta da wannan, ba a sa mata hannu ba. Ko da Maharazu ya so, hannun da zai riƙe biron yana cikin ɗori.

Allah Ya ƙara wa Shugaba lafiya da adalci.

Taka mai biyayya,
Aishatu Humaira Maharazu