Baƙin Akushin Marigayiya

Zuwa ga ƙanena Habu,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikinka, yaya iyali, yaya zaman Ikko? Mu muna nan yadda fari ya bar mu.

Ka tuna baƙin akushin da marigayiya matata ke zuba mini tuwo, wanda take shafa wa man shanu duk Juma'a don kada ya tsage? Tun rasuwarta na kife shi a ɗakina. Ranar Juma'a na dawo daga masallaci na tarar da shi yana ƙyalli, ga shatin yatsu, ɗaki duk ƙanshin mai. Habu, shanu sun mutu, bana ko a kasuwar Maigatari babu man shanu. Makullin ɗakin kuma yana aljihuna.

Da matar ɗana Sani ta gani, sai ta durƙusa ta ce, "Baba, don Allah a ƙona shi, in ba haka ba gidanmu zan tafi." Sani ya goyi bayanta. Ni da na karantar da rabin Gumel, yau kallon taɓaɓɓe ake mini.

Ba zan ƙona ba. Ko wane ne ke shafa shi, shi kaɗai bai manta da ni ba.

Ku sa mu a addu'a. Gai da maiɗakinka da yara.

Yayanka,
Garba