Manhajarku Ta Iya Hausa, Ofishinku Bai Iya Ba

Zuwa ga Shugaban Sashen Harsuna na kamfanin da ya ƙera sabuwar manhajar kwamfuta mai jin Hausa.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Yaya aiki, yaya ƙoƙari? Allah ya taimaka.

Sunana Hajiya Binta, ina zaune a Ƙofar Sauri cikin birnin Katsina. Shekara talatin da ɗaya na yi ina buga takardu a ofishin gwamnati, na fara da tafireta, na ƙare da kwamfuta, sannan na yi ritaya. Na faɗi haka ne don ka san ba 'yar koyo ce ke maka magana ba.

Da na ji kuna neman masu gwada sabuwar babbar manhajarku, wadda ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya, kafin ku sake ta kasuwa, aka kuma ce har da Hausa a ciki, ban yi shawara da kowa ba na ba da sunana. Kun yi gargaɗi cewa ba ta gama nuna ba, na kuwa ji. Na kwashe takarduna kaf na zuba a filas, ɗan abin nan na ajiyar bayanan kwamfuta, sannan ranar wata Asabar da hantsi na ɗora manhajar a kan kwamfutar da ke falona, da hannuna. Sau biyu ana ɗauke wuta ina sake lale. Wajen la'asar allon ya yi haske, na ga an rubuta: Barka da zuwa.

Kafin in kawo kuka, bari in ba ka haƙƙinka. Maigidana, Alhaji Bature, hatsi yake sayarwa a Babbar Kasuwa. Bokonsa na ajin yaƙi da jahilci ne, Hausa zalla. Shekara da shekaru kwamfutar nan tana gidansa, bai taɓa ɗora mata yatsa ba. Ran nan ya dawo daga kasuwa ya tsaya a bayana, sai na ji yana karanta allon a hankali: Takardu, Hotuna, Saƙonni. Can ya ce, "Hajiya, ɗan matsa." Na tashi na ba shi kujera. Ya kama linzamin kwamfutar kamar mai riƙon ƙwai, ya lallaɓa har kan Hotuna, ya danna. Da kansa ya nemo hoton jikarmu da aka haifa a Legas, wadda bai taɓa gani ba sai in ni na buɗe masa. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Ashe abin ga ba girman kai gare shi ba, bakinmu ne bai iya ba." Na yi alfahari da shi, na yi alfahari da harshena. Manhajar ta fi tsohuwar saurin tashi, rubutunta ma ya fi daɗin ido. Wannan aikinku ne, Allah ya saka.

To, ga inda gizo ke saƙar.

Na ɗaya. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, magini ne. Kafin ya rasu na zaunar da shi ya ba ni labarin sana'arsa, na rubuta a littattafai, yanzu ina buga shi saboda jikoki. Da na buɗe shi a sabuwar manhaja, mai gyaran rubutunku ya bi shafi shafi yana cire wa haruffa lanƙwasa, ba tare da ya tambaye ni ba. Inda na rubuta cewa Baba ya kwaɓa ƙasa da ƙafa, sai na tarar da "ya kwaba kasa da kafa". Ranka ya daɗe, ƙasa ita ce abin gini, kasa kuwa maciji ce. Inda baƙi suka cika zaure, ya mai da su baki. Mutumin da ya yi shekara saba'in ana girmama shi a garin nan, manhajarku ta sa shi tattaka maciji. Ban yi asarar ko harafi ɗaya ba, don na asali yana cikin filas ɗina. Amma ba kowa ne ya yi shekara talatin yana koyon kada ya yarda da na'ura ba.

Na biyu. In zan rufe takarda, sai ta tambaye ni: "Ka ceci wannan takarda?" Tsohuwar abokiyar aikina, Madam Rifkatu, 'yar Filato ce da ke zaune a Kambarawa, ta biyo ranar Lahadi bayan ta taso daga coci. Ta karanta, ta yi dariya har da hawaye, ta ce ko fastonsu bai kai ga ceton takardu ba. Adanawa ake cewa. Sannan wa ya gaya muku duk mai zama gaban kwamfuta namiji ne? Ka buɗe, ka rufe, ka jira. Hausa ba ta rasa mafita ba: a buɗe, a rufe, a jira, kowa ya shiga.

Na uku, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Waɗancan biyun ban riƙe ku da su ba, ai don a gano irinsu aka ce a gwada. Mako biyu muka yi ni da Madam Rifkatu muna bin manhajar nan lungu lungu, tana karantawa ina rubutawa, kowane kuskure da gyaransa a gefe. Na buga rahoton tsaf kamar yadda nake buga wa manyan sakatarori, na tura ta akwatin ra'ayi da kuka tanada. Bayan kwana uku amsa ta zo da Turanci, layi biyu: wai ba ku iya duba saƙo a wannan harshe ba, in sake turowa da Ingilishi.

Na karanta sau uku. Kun ce in zo in gwada muku Hausa, na gwada, na faɗa muku abin da na gani da Hausa, kun ce ba ku ji. To wa ya rubuta Barka da zuwan? Da Alhaji ya tambaye ni me suka ce, kunya ta hana ni fassara masa.

Saboda haka ina roƙon abu uku. A hana mai gyaran rubutu taɓa ɓ da ɗ da ƙ da ƴ kafin manhajar ta shiga gidajen mutane. A zaunar da Bahaushe, mace ko namiji, a bakin akwatin ra'ayin nan. Sannan a koma a ɗauko rahotonmu a karanta, yana nan inda kuka ajiye shi. In kuna son ƙari, littafin kurakurai na biyu ya kusa cika, don ban cire manhajar ba, ba kuma zan cire ba.

Na iya Turanci, ranka ya daɗe, da shi na ci abinci har na tsufa. Amma wannan wasiƙa ba zan fassara ta ba. In ta iso teburinka aka rasa mai karanta maka, to ka sa wannan a saman jerin kurakuran da za a gyara.

Allah ya ƙara maka basira da haƙurin sauraro, ya albarkaci aikin hannunku, ya sa a gama lafiya.

Wassalam.

Hajiya Binta,
Ƙofar Sauri, Katsina.