Ƙafar Hagu ta Sarkin Raki

Zuwa ga Uwargida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kin isa lafiya. Ya gajiyar mota? Ya jikin Autarmu, ya kuma ɗan baƙon da ta haifa mana? Allah ya raya shi, ya ba uwarsa lafiyar shayarwa. Ki gaida mijinta da kyau.

Na san za ki ce mene ne na wasiƙa ga waya a aljihu. To a waya ba kya barina in kai aya. Da na ce na ji wani abu a jikina, sai ki ce jariri yana kuka, ki kashe. Takarda kuwa ba ta da wurin kashewa. Direban da ya kai ki na ba, ya ce kusan kullum yana wucewa ta bakin layinku.

Uwargida, ba ni da lafiya. Kada ki ja wannan tsakin naki, tun daga nan nake jiyo shi. Na yarda kullin da na ji a ƙeyata bara ƙashin kaina ne, da shi aka haife ni. Na yarda ranar da harshena ya koma shuɗi har na sa aka kira min yayana, alewar yaran maƙwabta na sha. Kin laƙa min Sarkin Raki, na haƙura na amsa. Amma wallahi na wannan karon daban ne.

Kwankwasona ne, ɓangaren hagu. Ciwon yakan taso daga nan ya gangara cinya, wani lokaci ya haura gadon baya. Kuma in ina tafiya sai in ji ina karkacewa hagu kamar amalanken da tayarsa ɗaya ta yi faci. Ke nake zargi. Ranar tafiyarki ina zaune a rumfar aikina ina gyaran takalmin da zan sa in zo ganin jikana, kika tsaya a kaina da jaka kina cewa mota za ta tashi. Na zura shi na bi ki tasha a guje, da ƙatuwar jakarki a kafaɗa. Mutum mai shekaruna ba a sa shi gudu. Washegari abin ya soma.

Aiki kam alhamdulillahi. An koma makaranta, takalman yara sun taru min kamar tsibi, duk bakinsu a buɗe. Ina ɗinki, ina shafa gam, ina dafe kwankwaso. Da kina nan da kin taɓa goshina kin ce ba komai, mu yi musu, in tafi aiki. Yanzu ba mai ce min ba komai, sai gidan ya yi min faɗi.

Ki gaya wa Auta ina nan tafe kamar yadda na yi alkawari, da zarar na ɗan ji dama.

Naki,
Maigida.

*

Zuwa ga Uwargida,

Sallama da gaisuwa irin ta kewa. Ya kuke, ya mai jego da jariri? Direba ya ce kin karanta takardata a tsaye, kin yi dariya har da riƙe ciki, kin ce a gaya min in sha ruwa in kwanta. Na gode. Allah ya saka.

To bari ki ji, tunda abin dariya ne. Tela maƙwabcina a kasuwa ya ga yadda nake tafiya, ya kira ni, ya tsayar da ni a simintin ƙofar shagonsa. Ya ɗauko tef ɗinsa ya auna ni daga kafaɗa zuwa ƙasa, dama da hagu. Ya auna, ya sake aunawa, sannan ya cire tabarau ya yi salati. Uwargida, hagu ta gaza dama da kaurin ɗan yatsa! Ƙafata tana gajarcewa. Tef ba ya ƙarya, kuma mutumin nan da awo yake cin abinci.

Nan take ya zaro wayarsa ya tambaye ta. Ni kam ban taɓa ganin abu marar imani irin wayar nan ba. Duk inda ya latsa maganar ba ta wuce ƙari, ko ciwon ƙashi, ko shanyewar ɓarin jiki. Yana karantowa yana girgiza kai, ni kuwa duk alamar da ya ambata sai in ji ta a jikina kafin ya rufe baki. Ya ce ko ina jin jiri? Ai kuwa sai jiri ya ɗebe ni.

Ga wani abin mamaki. In na shiga masallaci na tsaya a sahu, sai in ji ni sambal, kamar ba ni ba. Ina fitowa, kafin in kai bakin titi, karkacewar ta dawo. A gida ma in ina tsakar ɗaki da sauƙi. Na gaya wa Tela, ya ce ai mai tafiya yana dawowa shi ne mugun. Yanzu ina daɗewa a masallaci har ladan ya fara ba da misali da ni, wai na ƙara tsoron Allah. Ban ƙaryata shi ba, don tsoron kam ya ƙaru.

Yanzu ki daina dariya in gaya miki abin da ke raina. Kin tuna Baba, Allah ya jiƙansa? Da jan ƙafar hagu nasa ya fara. Muka ce gajiya ce. Sai ranar da kofi ya suɓuce daga hannunsa yana kallonsa. Ke kika yi jinyarsa tare da ni kina da ƙuruciyarki, kika ba shi abinci a baki, kika wanke abin da ba kowace suruka za ta wanke ba. Bana na kai shekarun da yake da su lokacin. Ba na so ki yi wannan aikin sau biyu a rayuwarki.

Saboda haka ba zan zo ba. Ina tsoro a miƙo min yaron nan, hannuna ya sake shi kamar kofin Baba. Ki san abin da za ki gaya wa Auta. Ki ce aiki ne ya yi yawa.

Mijinki,
wanda ba raki yake yi ba.

*

Zuwa ga Uwargida,

Bayan sallama, ina gaishe ki duk da fushin da kike yi. Ya jikin Auta? Ya ɗan namu, yana barinku ku runtsa kuwa?

Amsarki ta iso. Na cika miki takarda gaba da baya, kin maido min da layi uku a bayan kwalin sabulu. Wai ba za ki yi wa 'yarki ƙarya ba. Wai Auta ta yi kuka, ta ce Babanta ya gyara takalman duk garin amma ya kasa tako nasa zuwa wurinta. Wai kuma in ban je asibiti ba, kada in ƙara ba direba takarda. Haba Uwargida! Mutum yana bakin kabari kina kafa masa sharaɗi?

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne na tsakiya. Sai a bakin direba kuma na ji an yi wa mijin Auta canjin wurin aiki, ƙarshen watan nan za su tattara su yi nisa. Kenan in ban zo yanzu ba, sai yaron ya yi wayo zai gan ni, ya ɓuya a bayan uwarsa yana tambayar wane ne wannan tsohon. Jiya wuni na yi ina ɗinka takalmin wani malami, sai da na gama na ga na haɗe bakin da ake sa ƙafa.

Kada ki ce ban nemi magani ba. Na je wurin mai kemis, ya ba ni wani man shafawa. Na lafta shi da yawa don ya yi saurin aiki. Uwargida, na yi rawa a tsakar gida ni kaɗai don raɗaɗi, na shiga banɗaki na fito ya fi a ƙirga. Ciwon yana nan, sai dai yanzu da saɓar fata a kansa.

Shi kuwa Tela, Allah ya isa tsakanina da shi. Shekaranjiya na dawo daga salla na tarar da shi da tef ɗin nan yana auna faɗin rumfata. Wai kawai gani yake ko teburin yankansa zai shiga, in ta Allah ta kasance. In ta kasance ɗin, ki ji da kyau: ko ƙusa ɗaya kada ki bar masa. Keken ɗinkin takalma ki ba yayana. Gudumar nan mai ƙotar da ta sha hannu ta Baba ce, ki ajiye wa jikana.

Gobe zan je asibitin. Ba don sharaɗinki ba, don Auta. Kin daɗe kina cewa allura nake tsoro. Ni da nake wuni da basilla a hannu, ta soke ni ta sake sokewa, ina ni ina tsoron allura? Abin da nake tsoro shi ne a faɗi sunan abin. Muddin ba wanda ya faɗa, ina iya ce wa kaina wataƙila ke ce mai gaskiya. Ki yi min addu'a. In na taɓa ɓata miki, ki yafe min.

Naki har kullum,
Maigida.

*

Zuwa ga Uwargida,

Assalamu alaikum. Ina gaida ke, ina gaida Auta da mijinta da babban mutum na cikin zani. Kafin ki ci gaba, ki shiga ɗaki ki rufo ƙofa. In za ki yi dariya ki toshe bakinki da filo, kada surukina ya ji.

Na je. Na zauna a benci cikin masu jira, duk wanda ya yi tari sai in ji nawa maƙogwaron yana ƙaiƙayi. Da aka kira ni na tarar da likitar mace ce, ba za ta girmi Auta da yawa ba. Na faro mata tun daga kofin Baba har zuwa tef ɗin Tela, kuma ba ta katse ni ba, ki koyi wannan. Ta auna jinina. Ta sa na matse yatsunta da hannu biyu, har ta ce ya isa haka Baba, kada ka karya. Ta sa na ɗaga hannuwa, na yi murmushi, na zaro harshe. Sannan ta ce in cire takalmi in taka zuwa bango in dawo.

Na taka sambal. Na yi maza na bayyana mata cewa haka ciwon yake, munafuki ne, a masallaci ma ɓuya yake yi. Ta dube ni, ta dubi ƙafafuna. Sai ta sunkuya ta ɗauki takalmana ta jera su a kan teburinta.

Uwargida, na dama da sabon ƙasa na roba mai kauri, ninki biyu, ɗinki tsaf, aikin gwani. Na hagu kuwa tsohon ƙasa ne, dunduniyar ta cinye kamar faifai. Ranar da kika fizge ni zuwa tasha ɗaya na gama, na ce in na dawo zan yi ɗayan. Na dawo na tarar da takalman 'yan makaranta, shi ke nan. Ni da nake gane mai jan ƙafa daga ganin dunduniyar takalminsa, na yi makonni ina yawo ƙafa ɗaya a tudu ɗaya a kwari, ban taɓa duban nawa ba.

Likita ta ce lallai in canza mai gyaran takalmi, wannan zai nakasa mutane. Na ce mata ƙwarai kuwa, mutumin ba ya tsoron Allah, daga yau mun rabu. Sai na ga idonta a kan yatsuna, ga baƙin gam, ga sawun zare. Ta juya tana gyara takardu, kafaɗunta suna rawa. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Amma yarinyar kirki ce. Ta ce ciwon gaskiya ne, jijiyoyin kwankwaso ne suka gaji da karkata, zai tafi. Ta ce jinina ya ɗan hau, in riƙa zuwa ana dubawa. Ta gaya min alamun ciwon Baba na ainihi, waɗanda in an gan su ba a jira, ta ce ba ni da ko ɗaya. Ta kuma ce tsoron nan da ke hana ni sukuni shi ma abin dubawa ne, in ya taso in zo wurinta mu yi magana, in bar wayar Tela ta huta.

Na koma rumfa na yi wa na hagu ƙasa. Tela ya leƙo da fuskar ta'aziyya, na ce masa an ba ni magani mai ƙarfi, ya nemi wani wurin ya sa teburinsa.

Da na isa gida na cire su a bakin ƙofa, ɗaya ya kifa can, ɗaya ya yi nan, kamar yadda na saba watsar da su. Sai na tsaya. Tun da muka yi aure, muddin kina gida, ban taɓa fitowa da safe na tarar da takalmina a watse ba. Kullum a jere, a goge, bakinsu yana kallon ɗaki don in zura kawai. Ban taɓa tambayar wa ke yi ba. Da kina nan, ran farko za ki ɗaga su ki ce Maigida wannan wane irin aiki ne. Na zauna a dokin ƙofa na yi kuka, ba na ɓoye miki, kuma ba na raki ba ne.

Ba direba ne zai miƙo miki wannan takarda ba, ni ne, don a motarsa zan zo gobe in Allah ya kai mu. Da baki ba zan iya faɗa ba. Akwai wani ɗan ƙara da nake ji a kunnen dama tun ɗazu, amma zan taho da shi ki duba ki ce ba komai.

Ki gaya wa Auta ta shirya miƙo min jikana, hannuwana biyu lafiya lau, likita ce shaida. Na ɗinka masa 'yan takalma da ragowar fata mai laushi, sai ya fara tafiya za su yi masa, can inda ba na nan. Na jera su na gwada, tsayinsu ɗaya. Duk da haka ki duba su da idonki kafin a sa cikin kaya.

Naki,
Sarkin Raki.