Ɗakinki Ya Dawo, Idona Bai Gusa Ba

Zuwa ga Fadila, sanyin idona, inuwar darbejiyar da nake fakewa idan ranar Katsina ta take tsaka, ruwan randata mai kashe ƙishi tun kafin a kai shi baki.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Hajiya. Ina fata kina lafiya, ko da yake ni kwana huɗu ke nan rabona da lafiyar, tun da wayata ta daina nuna sunanki.

Na san laifina, ba zan yi miki kwana-kwana ba. Kin duba taswirar gidanmu da na buga, kin nemi ɗakin aikinki, ɗan ƙaramin nan na gabas inda kika ce za ki kafa teburin zanenki bayan biki, kin tarar na rushe bangonsa na haɗe shi da gareji. Ba ki yi faɗa ba. Kin naɗe takardar, kin miƙo mini da hannu biyu, kin tafi. Wallahi da zagina kika yi, da ya fi mini sauƙi. Baba Mati ne, ƙanen mahaifina da zai ja mana ginin, ya tsaya a kaina ranar Litinin yana cewa, “Wanga ɗaki mi za a yi da shi? Mace da ohis cikin gida?” Nauyinsa ya kama ni, hannuna ya bi bakinsa.

Kin tuna ranar da kika fara zuwa ofishinmu na GRA horon aiki? Na goge wani layi bisa kuskure, ina ta danna andu, maɓallin nan mai mayar da aiki baya. Maimakon layin ya dawo, sai allon ya yi ta tsalle, ya zuƙo ya janye, ya yi hagu ya yi dama kamar akuyar da ta tsinke igiya, domin manhajar tana ɗaukar kowace zuƙowa da kowane jan allo a matsayin aikin da za ta warware. Shekara shida ina haƙuri da wannan, ina zaton haka aka halicce ta. Sai ke, ɗalibar da ko kujera ba a ba ta ba tukuna, kika nemi izini, kika shiga saiti, kika raba su: zane ya koma baya shi kaɗai, kallo ya tsaya inda mai shi ya ajiye shi. Na ji kunya ranar, na kuma ji wani abu da ya fi kunyar daɗi nesa ba kusa ba. Wa ke da irinki a birnin nan, daga Gobarau har Ƙofar Ƙaura? Kuma wane irin gwani ne ni, da zan hana mai irin wannan basira wurin zama?

To, yanzu saurari abin da nake taƙama da shi. Tun Litinin ban rufe fayil ɗin ba, don kin san idan aka rufe, tarihin gyaran ya tafi ke nan. Duk lokacin da aka ɗauke wuta sai in rungumi kwamfutar in ruga shagon mai caji, abokan aiki suna ta yi mini dariya. Zan iya zana wani ɗakin cikin minti goma, amma ba sabo nake so ba. Naki nake so, wanda kika ja layukansa da hannunki.

Yau da hantsi na gayyato Baba Mati, na ba shi kujera, na zuƙo kusurwar gabas har ta cika allon, na soma dannawa. Garejin ya tsuke. Bango ya miƙe. Taga ta koma mazauninta. Sau goma sha ɗaya na danna, allon bai gusa ko ƙiris ba. Babu inda idonsa zai gudu, babu inda nawa zai ɓuya. Kaina a ƙasa, na gaya masa wadda ta koya mini wannan dabara ita ce mai ɗakin, kuma aikinta ba zai mutu a gidana ba. Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce, “To a ƙara ma tagar hwaɗi, mai zane na son haske.”

Ya farin watana, na san zuciya ba ta da maɓallin da ake dannawa ta manta. Ban roƙe ki ki manta ba. Ki zo kawai ki gani. Ƙofar ɗakin, da kika ce sai kin yi shawara, har yanzu ba a zana ta ba, kuma ba zan taɓa ta ba. Allon yana nan a kan ɗakinki, kujerata na jiranki. Ki zo ki zaɓi inda za ta buɗe, ni kuma in riƙa sallama kafin in shiga.

Naki, wanda idonsa ba zai gusa daga kanki ba muddin yana numfashi,

Muttaka