Ɗakin da Nake Takaba a Ciki Ba Sito Ba Ne

Zuwa ga Alhaji Shugaba da dattawan ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa a nan Guangzhou.

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaishe ku da ɗawainiyar jama'a, ina kuma godiya da tsayuwar da kuka yi a jana'izar maigidana, Alhaji Ɗanlami mai tura wa 'yan kasuwa kaya zuwa gida. Allah ya saka da alheri. Magana a bainar jama'a ba halina ba ce, balle ina cikin takaba. Na aika muku ban ji amsa ba, shi ya sa na rubuto inda kowa zai gani.

Na farko, ga abin da na fahimta, in na kuskure a gyara mini. Gidan da ƙungiya ta kama haya a bayan kasuwar Shisanhang tsoho ne, hukumar unguwa kuma tana so a bar irinsa yadda suke. Sai ta ce wa mai gidan kada ya rushe ya gina dogo. Hawan benen da doka ta ba shi damar ɗorawa, ya sayar wa wani kamfani, su je su ƙara a kan nasu ginin can wajen Nansha. Wato an sayar da sararin da ke saman kanmu. Ni dai a makarantar allo ban karanta cinikin abin da ba a gina ba, amma ƙasarsu ce, kuma adana tsohon gida ba laifi ba ne. Sharaɗin ne ya shafe ni: gida zai koma siffarsa ta asali, a cire duk abin da aka ƙara daga baya. Ɗakinmu na saman rufi ƙari ne.

Na biyu. Hukuma ta kira zama, ta ce duk mai kwana a inda za a rushe ya zo ya faɗa, a ɗaga masa ƙafa. An yi zaman ana tsakiyar karɓar gaisuwa. Kun je, Alhaji Shugaba. Kuka yanke a tsakaninku cewa kada a tayar wa mai takaba hankali. Da jami'in ya tambaya ko akwai mutum a sama, aka ji nauyin ambaton matar mamaci a gaban baƙin maza, aka ce kayan marigayi ne a ciki. Shi kuma ya ɗauka sito ne. Na san tausayi ne da kunya. Amma wallahi kunyar nan ni ta kayar.

Na uku. Ranar da ma'aikata suka hau suka shafa jan fenti a bangona, na zaci yoyon da marigayi ya daɗe yana kuka da shi za a gyara, har ruwa na sa aka miƙa musu. Hajiya Zali ta Maraɗi, mai kawo mini cefane, ita ta ga alamar. Ta ajiye leda ta zauna a kan matakala, sannan ta gaya mini alamar rushewa ce. Ashe kowa a gidan ya sani sai ni. Ta samu mai gidan, ya kaɗa hannu ya ce magana ta bar wurinsa, kamfani ba zai samu izini ba sai an ga rufin fayau. Bayan Juma'a mai zuwa za su fara, ni kuwa saura mini wata biyu in fita takaba.

Na huɗu. Kada a turo mini malami, na san an sauƙaƙa wa mai takabar da gida zai faɗo mata ta tashi. Wannan ɗakin ba faɗowa zai yi ba. A nan Alhaji ya cika, dardumarsa na nan inda ya daidaita mana alƙibla. Zaman nan shi ne haƙƙinsa na ƙarshe a kaina.

Roƙona, ku koma hukumar da mai fassara, ku ce akwai mace a sama, ku faɗi sunana. Ban ce a fasa ba, jinkirin wata biyu nake nema, daga nan ni da kaina zan miƙa makulli in koma Kano. In sun ƙi, ku hawo ku tsaya a bayan labule ku gaya mini da bakinku, kada in sake ji daga bakin leburori.

Allah ya dafa muku, ya sa ku gama lafiya, ya kare iyalanku daga irin wannan tausayin. Ina nan a sama, ba inda zan iya zuwa.

Wassalam.

Hajiya Saude, matar marigayi Alhaji Ɗanlami.